Tsinken Gwajin Suga da Lambar da Yake Bayarwa

A wata majalisa da nakan zauna bayan La'asar a wajajen Titin Bauchi a Jos, na taɓa jin wasu dattawa biyu suna kwatanta sugansu kamar yadda manoma ke kwatanta amfanin gona.

"Alhaji, nawa naka ya nuna da safen nan?"

"Takwas da ɗigo ɗaya, Malam."

"Kai ka ji daɗinka. Ni fa ɗari da arba'in da shida na gani, tun safe na kasa sa komai a baki."

Aka shiga yi wa mai 146 jaje, ana yi wa mai 8.1 barka, alhali su biyun magana guda suka faɗa. Na'urar ɗaya tana lissafi da milimol a kowace lita, ta ɗayan kuma da miligiram a kowace desilita, kuma ninki 18 ne tsakaninsu. In ka ninka 8.1 sau 18, 146 ɗin nan za ka samu. Da yawa daga ɗakunan gwaji na asibitocinmu da milimol suke rubuta sakamako, yayin da na'urori da dama da ake saya a kemis suke zuwa da miligiram. Mutum ya fito daga asibitin JUTH a Lamingo da takarda mai lamba guda, ya koma gida na'urarsa ta nuna masa wata mai ninki goma sha takwas, dole hankalinsa ya tashi in ba wanda ya yi masa bayani.

Wannan ruɗanin shi ne mafi sauƙin warwarewa. Wanda ya fi shi wuya shi ne kwarjinin da lamba take da shi idan ta fito a fuskar na'ura. Da likita ya dube ka ya ce suganka ya ɗan hau, za ka iya yi masa musu a zuci. Amma lamba ta fito baro-baro, har da ƙarar tsit, sai mutum ya ɗauke ta tamkar yankan wuƙa. Kuma yawancinmu na'urar muke girmamawa, muna adana ta cikin jakarta, muna tambayar ƙasar da aka ƙera ta. Tsinken da ake cusa mata, wanda a kemis ake ce wa sitirif, shi muke ɗauka a matsayin abin yarwa. A haƙiƙa ainihin gwajin a jikin tsinken nan ake yin sa, na'urar karatu kawai take yi. A cikinsa ilimin yake, a cikinsa kuskuren yake, kuma can kuɗin mai ciwon suga ke tafiya.

Abin da ake nema ɗin ma ɗan kaɗan ne. Duk sugan da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya, wato gulukos, bai wuce giram huɗu ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda a cikin lita biyar ta jini. Daga wannan ake ɗaukar ɗigon da bai kai kan allura ba, a ce a faɗi yawan sugan cikinsa kafin mutum ya ƙirga biyar.

Kakanninmu da kiyashi suke ganewa. In mutum ya yi fitsari kiyashi suka taru a wurin, an san akwai magana, kuma tsofaffin likitocin Indiya ma da irin wannan lura suka san ciwon. Da ilimin zamani ya zo, fitsarin dai aka ci gaba da dubawa, ana dafa shi da wani shuɗin ruwa a ga ko zai juya launi, daga baya aka koma tsoma tsinke. Matsalar fitsari ita ce ƙoda ba ta fara zubar da suga sai ya haura wajen milimol 10 a jini, kuma labarin sa'o'in da suka wuce yake bayarwa. In suga ya faɗi ƙasa kuwa, wanda shi ne ke kashe mutum nan take, fitsari ba ya cewa komai. A 1965 kamfanin Ames na Amurka ya fito da Dextrostix, tsinken da ake ɗiga wa jini, a jira minti guda, a wanke, a kwatanta shuɗin da ya yi da jerin launuka. Idon wani ya ga duhu, na wani ya ga haske. Wajen 1970 wani injiniyan kamfanin, Anton Clemens, ya ƙera na'urar da ke karanta launin da hasken fitila, mai nauyin fiye da kilo guda, kuma don ɗakin likita aka yi ta. Wannan hanya ta launi ba ta mutu ba: Accu-Chek Active, da ta cika shagunan magani a ƙasar nan shekara da shekaru, launi take karantawa. Shi ya sa ake ɗiga mata jini a tsakiyar tsinke, kuma in ƙura ta rufe 'yar tagarta sai ta fara shirme.

Hanyar lantarki daga wani wuri ta taso. Leland Clark, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin iskar oksijin a jini, shi da Champ Lyons suka kawo shawara a 1962 cewa a haɗa ma'aunin da wani sinadarin halitta mai cin suga, a mayar da aikin sinadarin ya zama lantarkin da za a iya aunawa. An daɗe abin bai wuce injin ɗakin gwaji ba. Sai a 1984 masana a jami'o'in Oxford da Cranfield a Ingila, cikinsu har da Allen Hill da Anthony Turner, suka nuna dabarar da ta ƙanƙantar da shi, kuma a 1987 aka fara sayar da ExacTech, na'ura mai siffar alƙalami. Su On Call Plus da Finetest da OneTouch da Accu-Chek Instant da ake gani a kantunan magani na kewayen kasuwar Terminus duk jikokinta ne.

In ka ɗauki tsinke ka duba shi a rana, za ka ga wasu siraran layuka, baƙaƙe ko masu ruwan zinare, sun taso daga gindin da ke shiga na'ura zuwa bakin da ke shan jini. Wayoyi ne da aka buga a jikin roba, wasu na gawayi, wasu na zinare ko faladiyam mai matuƙar siranta. A bakin akwai wata 'yar kafa da ke zuƙar jini da kanta, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Abin da take sha bai kai kashi ɗaya cikin dubu na mililita ba a yawancin tsinkayen yanzu. A cikin kafar an busar da abu biyu. Na farko shi ne enzayim, sinadarin da halitta ke yi don gudanar da wani aiki guda tak. Wanda aka fi daɗewa ana amfani da shi, gulukos oksides, daga wata fumfuna ake samo shi, irin baƙin nan da kake gani a ƙarƙashin ɓawon albasar da ta kwana biyu a kasuwar Farin Gada. Detlev Müller ne ya gano shi a 1928, kuma ƙudan zuma ma na zuba irinsa a cikin zuma. Aikinsa shi ne ya kama ƙwayar gulukos, ita kaɗai daga cikin tarin abubuwan da ke jini, ya ƙwace mata ƙwayoyin lantarki biyu. Amma shi enzayim ba ya iya miƙa su ga waya da kansa. Nan abu na biyu ke shigowa, wanda ni nake kira ɗan dako: wani gishirin ƙarfe da ke karɓar kayan daga hannun enzayim ya kai bakin waya. Na'urar sai ta saki ɗan ƙarfin batir, ƙasa da bolt ɗaya, ɗan dako ya sauke kaya ya koma ɗauko wasu. Yawan kaiwa da komowar nan shi ne lantarkin da ake aunawa, ɗan mitsitsi ƙwarai. Suga da yawa, lantarki da yawa. Na'urar ta kwatanta abin da ta ji da jadawalin da aka sa mata a masana'anta, ta rubuta lamba.

Ke nan na'urar ba ta taɓa ganin suga ba. Lantarki ta ji, ta yi kirdado. Duk abin da ya ƙara lantarkin nan ko ya rage shi, a matsayin suga za ta lissafa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ilimin.

Masu ƙera ta sun san haka, kuma ba su yi alƙawarin da muke zato ba. Ƙa'idar duniya da ake auna ingancin waɗannan na'urori da ita, ISO 15197 ta 2013, cewa ta yi: a cikin gwaji ɗari, 95 su faɗo kusa da sakamakon babban ɗakin gwaji da ratar da ba ta wuce miligiram 15 ba idan sugan bai kai 100 ba, ko kashi 15 cikin ɗari idan ya kai 100 ko ya wuce. Mu sa shi a lissafi. Mutumin da ainihin sugansa 200 ne, na'ura mai inganci, sabuwa fil, tana iya nuna masa 170, tana iya nuna masa 230, kuma ba ta yi laifi ba. Tsohuwar ƙa'idar 2003 ma kashi 20 ta yarda da shi. Saboda haka matar da ta soki yatsa biyu a jere ta ga 152 da 165, ta ce na'urar ta lalace, ba ta lalace ba, iyakar ƙarfinta ke nan. Mutanen Jos sun san bambancin sikelin awon kuza da mudun awon acca. Wannan mudu ne: ya isa a yi ciniki da shi, amma ba a shari'a a kan ƙwaya goma.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a yanke wa mutum hukuncin ciwon suga da tsinke kaɗai. Iyakar da likitoci ke amfani da ita ita ce milimol 7.0, wato miligiram 126, ga wanda ya kwana bai ci komai ba, ko 11.1, wato 200, bayan sa'a biyu da shan ruwan gulukos na gwaji. Wanda ainihin nasa 126 ne, tsinke na iya ba shi 110 ya tafi yana murna, wanda nasa 112 ne kuma ya ba shi 128 ya tafi yana kuka. A taron gwaji kyauta da ake yi a harabar coci ko masallaci, ko ranar ciwon suga ta duniya, 14 ga Nuwamba, tsinke na da amfani sosai, domin yana zaƙulo waɗanda ba su san halin da suke ciki ba. Amma aikinsa a nan nuni ne, ya ce je ka asibiti a ɗebi jinin jijiya. Sau da yawa ma wanda aka gwada ya riga ya sha kunu da ƙosai, ba wanda ya tambaye shi.

Akan ce tudun Jos na shafar sakamako. Maganar na da tushe a ilimi, domin oksijin na gasa da ɗan dakon nan wajen karɓar kaya daga gulukos oksides, don haka inda iska ta yi ƙaranci lamba kan ɗan hau. Amma Jos mita 1,200 da 'yan kai take bisa teku, yawancin na'urori kuwa an gwada su har zuwa mita 3,000. Wannan na masu hawan manyan duwatsu ne, ba namu ba.

Sanyinmu ne abin kula. A Disamba da Janairu, da asubar hunturu, lokacin da mai ciwon suga ke yin gwajin safe, jini kan janye daga yatsu. Mutum ya soka, jini ya ƙi fita, sai ya shiga matsar yatsa kamar mai tatsar nono. Abin da ke fitowa a lokacin jini ne gauraye da ruwan tsoka, kuma in ɗigon bai cika kafar ba wasu na'urori kan ba da lambar ƙasa maimakon su ƙi. Maganinsa ruwan ɗumi da sabulu, a goge hannu ya bushe sarai, a saki hannun ƙasa na ɗan lokaci, a soki gefen yatsa inda zafi bai kai na tsakiya ba. Enzayim ɗin ma sanyi na rage masa kuzari. Na'urar na da ma'aunin zafi a cikinta da take gyara lissafi da shi, amma in ita ta kwana a ɗaki mai ɗumi, tsinken kuma a kan taga, lissafin ya karkace. A bar su wuri guda su daidaita da ɗakin.

Wanke hannun nan ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi rainawa. Garin nan garin kayan marmari ne. Wanda ya ɓare lemo, ko ya sha mangwaro, ko ya riƙe rake ko dabino, sugan da ya maƙale a fatar yatsarsa ya ninka wanda ke cikin ɗigon jinin sau da yawa, sai na'ura ta nuna ɗari uku ko huɗu ga mai lafiya garau. An gwada an ga shafa sifirit ba ya kawar da shi, ruwa ne ke wanke suga. In mutum na kan allurar insulin ya ga irin wannan lamba ya ƙara wa kansa magani, abin ya zama hatsari na gaske. Sifirit ɗin ma in bai bushe ba yana sirka jinin.

Sai damina. Jos na samun ruwan sama mai yawa, kuma a Yuli da Agusta har gishiri kan jiƙe a kwano. Enzayim da ɗan dako a bushe aka ajiye su, suna jiran jini ya tashe su. Danshin iska ma na tashin su, a hankali, har ɗan dako ya ɗauki kayan da ba daga suga suka fito ba. Shi ya sa gwangwanin tsinke ke da abin shan danshi a murfi ko a bangonsa, kuma shi ya sa ake so a rufe shi da zarar an zari guda. A nan talauci ke shiga cikin kimiyya. Wanda ba shi da kuɗin gwangwani mai hamsin yakan sayi biyar ko goma a ƙulle masa a leda ko takarda, ba ranar ƙarewar wa'adi, ba abin shan danshi. Na taɓa saya wa wata gwaggota irin wannan a wani shago, kwana uku lambobin na tsalle ba kan gado, har muka fara zargin maganinta, sai da aka kawo sabon gwangwani komai ya koma daidai. Wasu kamfanoni ma sun ce bayan an buɗe gwangwani wata uku ko shida kawai ya rage masa, ko da wa'adin da ke jikinsa bai cika ba. Zafi ma haka: yawancinsu ba a so su wuce digiri 30. Sanyin Jos rahama ne ta wannan fuska, amma kayan ta Legas ko Kano suka biyo a bayan mota, kuma wanda ke Shendam ko Langtang ko Wase ba ya cikin wannan rahama. Aljihun mota da aka faka a rana ya isa ya gama da gwangwani guda.

Akwai kuskuren da ba daga hannu ko yanayi yake zuwa ba, daga jinin ne kansa, kuma a ganina shi ya fi shafar mu. Gulukos a ruwan jini yake, jajayen ƙwayoyi kuwa cunkoso suke yi a bakin waya suna tare wa ɗan dako hanya. An saita na'ura a kan jinin da ƙwayoyinsa suke tsaka-tsaki. In PCV ɗin mutum, wato yawan jajayen ƙwayoyin jininsa, ya yi ƙasa, hanya ta buɗe, lantarki ya ƙaru, lamba ta fi gaskiya hawa. In ya yi sama sosai, kamar na jariri sabon haihuwa, lamba ta sauka. To su wa ke da ƙarancin jini a nan? Mai juna biyu, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, mai sikila, mai ciwon ƙoda. Ɗauki yaron da aka kawo asibiti a sume da maleriya mai tsanani. Cutar na saukar da suga, kwinin ma na saukar da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa faɗuwarsa ƙasa da milimol 2.2 cikin alamomin tsanani. Ga shi jininsa ya ƙone, abin da ke sa tsinke ya ƙara masa lamba. Ma'ana, a daidai inda aka fi buƙatar gaskiya, nan na'urar ta fi saurin kwantar da hankali a banza. Sababbin tsinkaye na da ƙarin waya da ke kirdadon kaurin jini su gyara, amma ba duka ba, kuma kowanne da iyakarsa a rubuce cikin 'yar takardar nan da muke yarwa tare da kwali. Haka wanda jiki ya bushe masa saboda amai da gudawa, ko jininsa ya faɗi, yatsarsa ba ta ba da labarin gaskiya. Ma'aikacin jinya mai gogewa majiyyaci yake fara kallo kafin lamba.

Ga mai sikila ma akwai ƙari. Gwajin HbA1c, da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya dogara ne ga tsawon ran jajayen ƙwayoyi, nasa kuwa ba sa daɗewa. Sai ya zama tsinken, duk da rauninsa, shi ne abin dogaronsa.

Wasu kamfanoni sun bar gulukos oksides sun koma wani enzayim da oksijin ba ya damunsa. Wani nau'insa na farko bai iya bambanta gulukos da wani suga mai suna maltos ba, wanda ke taruwa a jinin masu wankin ƙoda ta ciki da wani irin ruwa. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan rahoton mutuwar mutum 13 da aka ba insulin bisa lambar ƙarya. An gyara nau'in tun daga nan. Bitamin C mai yawan gaske, irin wanda ake sa wa a ƙarin ruwa, shi ma kan rikita wasu tsinkaye, domin yana sauke nasa kayan a bakin waya ba tare da ya bi ta hannun enzayim ba.

Me ya sa duk wannan ya zama maganar yau? A binciken ƙasa na cututtukan da ba a ɗauka da aka yi a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin Farfesa Akinkugbe, masu ciwon suga a Najeriya kashi 2.2 ne cikin ɗari, kuma Mangu ta nan jihar Filato ita ake buga misali da ita wajen ƙaranci, ƙasa da kashi ɗaya. A 2018 Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a faɗin ƙasar suka samu kusan kashi 5.8. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Jikan manomin da ke hawa dutse da garma yau yana zaune a shago ko bisa Keke Napep daga safe zuwa dare, da lemon kwalba a gefe.

Ciniki kuma a kan tsinke aka gina shi. Na'ura sau ɗaya ake saya, wani lokaci ma kyauta ake rabawa, amma kowace tsinkenta kaɗai take karɓa. Wanda ɗansa ya aiko masa da na'ura mai kyau daga Ingila ko Saudiyya yakan zagaye Ahmadu Bello Way bai samu tsinkenta ba, ta zama kayan ado a durowa. Kafin a tambayi kuɗin na'ura, a tambayi kuɗin tsinkenta da inda ake samunsa. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, tsinke na ciki. An fara haɗa na'ura da tsinke a Legas a masana'antar Colexa Biosensor, abin a yaba ne, sai dai mai saye a Bukuru farashin kanti zai duba. Inda kaya suka yi tsada kuma jabu kan samu ƙofa. A 2006 an kama jabun tsinken OneTouch a Amurka kanta, balle kasuwar da ba ta kai tata tsaro ba. Lambar NAFDAC da hatimin gwangwani da ba a ɓalle ba su ne ɗan abin da mai saye ke iya dubawa.

Yaron da ke da nau'in ciwon da sai da insulin yana buƙatar gwaji aƙalla sau huɗu a rana, gwangwani mai hamsin ba zai kai shi mako biyu ba. A kansa ba ragi, kuma shi ya kamata gwamnati da inshorar lafiya su fara ɗauke wa nauyi. Amma babban mutum da ke kan maganin metformin kaɗai ba lallai ya soki yatsa kullum ba. Abin da na fi gani shi ne ɓarnar tsinke ta wata hanya: mutum ya gwada kowace safiya, lokaci guda, ya ga lamba, ya ce alhamdulillahi ko innalillahi, ya rufe jaka. Bai rubuta ba, bai sauya komai ba, likita bai gani ba. Tsinke biyu da aka kashe a kan tambaya guda, ɗaya kafin cin abinci, ɗaya bayan sa'a biyu, sun fi bakwai na al'ada. A nan Jos kusan duk wanda aka ce yana da suga za a ce masa ya koma acca. Acca abinci ne mai kyau, amma ita ma sitaci ce, kuma malmala uku na tuwonta ba za su bar suga a inda suka same shi ba. Tsinke biyu sun isa su nuna wa mutum abin da kwanonsa na gwate ko dankalin Bokkos ke yi a jikinsa shi kansa, ba jikin maƙwabci ba. Haka masu shuwaka da zogale da garafuni da ake rantsuwa da su: ba sai an yi gardama ba, a gwada a rubuta, amma kada a ajiye maganin asibiti ana jiran sakamako. Waccan na'ura kuwa da ake riƙe wani ƙarfe a tafin hannu kwamfuta ta zayyano cututtuka arba'in, har da suga, ba abin da take aunawa. Agogon hannu da zobe masu da'awar auna suga ba tare da huda fata ba su ma hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Fabrairun 2024. Abin da ke aiki na gaskiya shi ne ɗan faifan da ake mannawa a dantse, irin FreeStyle Libre, mai siririn zare ƙarƙashin fata da ke aiki da wannan dabara ta enzayim har kwana 14, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Allurar sokawa ta mutum ɗaya ce, haka alƙalamin da ke harba ta. Jini kan maƙale a bakinsa ko da an sauya allura, kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a yankin nan, ta irin wannan ƙofa yake bi. Gidan da miji da mata da kaka ke gwaji, na'ura guda ta ishe su, amma kowa da alƙalaminsa.

Inda tsinke ya fi biyan kuɗinsa shi ne lokacin azumi, na Ramadan ko wanda coci-coci ke yi a farkon shekara da gabanin Ista. Da yawa na gudun gwaji da rana don zaton ɗigon jini na karya azumi. Jagorar da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar tare da likitoci da malaman Musulunci a 2016, aka sabunta a 2021, ta bayyana cewa sokin yatsa ba ya karya shi, ta kuma sa iyaka: in suga ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9, ko ya haura 300, wato kusan 16.7, a sha ruwa nan take. Masu shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da masu insulin su suka fi shiga hatsarin faɗuwa, musamman tsakanin Azahar da Magariba. In gumi da rawar jiki da jiri suka zo, na'ura kuma ta nuna 80, a tuna da ratar nan ta 15: jiki za a gaskata. In ta rubuta HI, sugan ya wuce iyakar da take iya karantawa, galibi 600, in LO ce ya faɗi ƙasa da iyakarta, kuma duka biyun maganar asibiti ce a wannan sa'ar, in dai an wanke hannu an maimaita an ga haka.

Wanda ke son sanin ko tasa na'urar na kan hanya, ranar da zai je a ɗebi jinin safe a asibitin JUTH ko na Plateau Specialist ko na Jankwano ya tafi da ita, ya soki yatsa cikin mintoci kaɗan da ɗibar jinin, ya rubuta lambar a bayan katinsa. Da safe kafin karyawa ake yi, domin bayan cin abinci jinin yatsa ya fi na jijiya suga. In sakamako ya fito da milimol ya ninka sau 18 ya kwatanta. In ratar ta wuce kashi 15 cikin ɗari, ya fara da sauya gwangwanin tsinke kafin ya zargi na'urar.